Lambar 4A ba ta da kunne

Na ga hoton allon da wancan DJ ɗin ya wallafa domin kare kansa bayan kiɗa biyu da ya haɗa a wajen rawa sun yi karo a daren Asabar, kuma ina taya shi murna, domin ya tabbatar wa duniya cewa ya iya karanta lamba. Kiɗan farko 4A, na biyu ma 4A, wato lambar da manhaja ke ba kiɗa a kan da'irar Camelot, tsarin da ke nuna kiɗan da sautinsu zai dace da juna, don haka a wurinsa duk wanda ya ji karo a lokacin da ya saki kiɗan biyu tare, kunnensa ne ya lalace. An ce gani ya kori ji, amma ba a wannan sana'a ba.

Abin da bai nuna mana ba shi ne saurin da ya tura tsohon kiɗan. Drum and bass na yanzu, salon kiɗan rawa mai sauri da yake sakawa, yawanci yana tafiya ne a bugu 174 a minti ɗaya, alhali kiɗan jungle da ya ɗauko, irin na Ingila a shekarun 1990, yana kan 164. Domin su daidaita sai da ya ƙara masa sauri da kusan kashi 6 cikin ɗari, kuma bai kunna makullin da ke hana sauti tashi idan an ƙara sauri ba, wanda na'urorin Pioneer ke kira Master Tempo. Duk wanda ya taɓa riƙe faifai ya san cewa ƙarin kashi 6 yana ɗaga sauti da kusan rabin mataki, wato tazarar maɓalli ɗaya a kan piyano. A kan da'irar Camelot wannan tsallake gida 7 ne, wato kiɗan ya bar 4A ya koma 11A, allon kuwa yana ci gaba da nuna masa lambar da manhaja ta rubuta tun kiɗan yana kan saurinsa na asali.

A wannan kiɗa irin wannan kuskure ba ya ɓoyuwa, domin nauyinsa duka a amon ƙasa yake. Sautin F na can ƙasa, wanda shi ne tushen 4A, yana girgiza kusan sau 43.7 a daƙiƙa, na sama da shi da rabin mataki kuma, tushen 11A, kusan sau 46.2. Idan suka haɗu a lasifika guda, amon yakan riƙa kumbura yana sacewa fiye da sau biyu a kowace daƙiƙa, kuma abin da muka ji a ƙirjinmu ke nan har tsawon layi 32 na kiɗan, kowane layi bugu huɗu, DJ ɗin kuwa yana ɗaga hannu sama.

Masu cewa ai jama'a sun yi rawa, na ji ku. Jama'a sukan yi rawa ko da janareta ne ke ƙara, idan dare ya raba. Masu cewa manhaja ba ta kuskure kuma, su gwada ba ta kiɗan da aka gina a kan bes ɗin Reese, wani irin amon ƙasa wanda da gangan ake karkatar da sautukansa su riƙa gogar juna, su ga ko manhajojin Rekordbox da Mixed In Key za su yarda da juna kullum.

Ba na raina da'irar Camelot, ni ma da ita nake tsara kiɗana, kuma ta sauƙaƙa wa masu koyo abin da a da sai an shekara ana sauraro. Amma aikinta ta rage maka yawan kiɗan da za ka gwada, sannan ka sa abin sauraro a kunne ka ji da kanka kafin ka buɗe wa mutane. Andy C, shahararren DJ na drum and bass a Ingila, ya yi suna da sakin kiɗa biyu a tare tun zamanin faifai, lokacin da babu allon da zai nuna masa wata lamba. Da yaron nan ya saurara na daƙiƙa goma, da ya rage bes ɗin ɗayan, kuma da babu wanda ya tanka.