Ranar da na gode wa mutanen Ingila a Glasgo

Sati biyu da saukata Glasgo ta ƙasar Sikotland aka haɗa wa sababbin ɗalibai walima, aka ce ɗaya ya tashi ya yi godiya a madadin 'yan Afirka. Mutumin naku, wani ɗan Najeriya da ya shekara uku a garin, shi ya ingiza ni gaba, wai ni ne mai babbar riga. Na karɓi makirfo, na gyara zaman hula, na ce muna godiya ga mutanen Ingila bisa karamcin da suka yi mana tun da muka sauka a ƙasarsu.

Ɗaki ya yi tsit. Wata dattijuwa da ke zuba shayi ta tsaya da buta a hannu, ruwan ma ya daina zuba. Ni kuwa na ɗauka lafazina ne bai fita ba, sai na matso da makirfo na sake faɗa, a hankali, gaɓa-gaɓa: In-gi-la. Wani ƙato mai jan gemu daga can baya ya ɗaga murya ya ce in Ingila nake nema, in je tasha in hau jirgin ƙasa, awa huɗu da rabi ina Landan. Maimakon in nemi afuwa in zauna, sai Shaiɗan ya raɗa mini gyara. Na ce a'a, ina nufin arewacin Ingila. Jama'a, arewacin Ingila su Newcastle ne da Manchester da Liverpool. Ke nan na ɗauki ƙasar Sikotland sukutum na mayar da ita unguwa a cikin Ingila. Duk wannan kuma a bayana akwai tutar Sikotland, shuɗiya mai farin gicciye, rataye a bango, wadda tun shigowata nake yi wa kallon kayan ado.

Dattijuwar nan, Allah ya saka mata, ita ta ja ni gefe ta zana mini abin a takardar goge hannu. Babban tsibirin sunansa Babbar Birtaniya, ƙasa uku ne a kansa: Ingila, Sikotland, Wales. In ka haɗa su da Ireland ta Arewa, wato gundumomi 6 da ke ɗaya tsibirin, shi ne Haɗaɗɗiyar Daula, UK ɗin da ke jikin bizarka. Sikotland a 1707 ta shiga haɗin, majalisarta ce ta amince, da dokokinta ta zo, ba a ci ta da yaƙi ba, ta nanata mini wannan har sau biyu. Ireland ta shigo a 1801, mafi yawanta ya fice a 1922. A 2014 ma sai da aka kaɗa ƙuri'a kan ko Sikotland ta ɓalle, kashi 55 suka ce a zauna. Daga yadda ta danna biro a kan 55 ɗin har takarda ta huje, na gane ba ta cikinsu.

Laifin rabi na Hausa ne. Mu kalma biyu muke da ita, Ingila da Birtaniya, kuma duk wanda ya haye can a Landan yake, ko da a Aberdeen ta Sikotland yake kwana.

Da na ga na samu ilimi, sai na ce bari in gwada shi. Na juya wajen wata malama da ta ce mini daga Dublin take, na ce to ke dai 'yar Birtaniya ce, ko ba haka ba? Ta ajiye kofi. Dublin babban birnin Jamhuriyar Ireland ne, ƙasa mai cin gashin kanta, kuɗinta yuro, tana cikin Tarayyar Turai har yanzu. Kallon da ta yi mini, ko surukata ba ta taɓa yi mini irinsa ba.

Amma wanda nake riƙe da shi a rai mutumin naku ne. Yana gefe da waya yana ɗauka, kafaɗunsa suna rawa, kafin in koma kujerata bidiyon ya isa gurup ɗin 'yan ajinmu. Alhali shi ne a shekararsa ta farko ya yanki tikitin jirgi zuwa Dublin da bizar UK, yana taƙamar ai duk ƙasa ɗaya ce, aka dawo da shi daga filin jirgi da jakarsa, don mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi bizar Ireland daban. Wa ya ɗauke shi bidiyo? Ba kowa. Shi ne kuma ya bar ni na tafi Landan hutu da kuɗin da na ciro a Glasgo. Fam ne, amma a Sikotland bankuna uku ke buga nasu takardun: Bank of Scotland, Royal Bank of Scotland da Clydesdale. Mai kanti a Landan ya juya fam 20 ɗina gaba da baya, ya ɗaga ta a hasken fitila, ya kira wani ya duba, layi yana bayana, ni da burodi da madara kamar wanda aka kama da jabu. Da na faɗa wa mutumin naku cewa ya yi ai ya manta.

Har yau ban fahimci dalilin da ya sa a ƙwallon ƙafa ƙasa huɗu ne, a Olamfik kuma tawaga ɗaya ba. Kuma Cardiff da Swansea na Wales ne amma a gasar Ingila suke bugawa. Tsibirin Man da Jersey kuwa ba sa cikin UK ɗin ma gaba ɗaya, sarki kawai suka haɗa.

Na yi ƙoƙarin yi wa Inna bayani a waya, don na ji tana faɗa wa maƙwabta ina Landan. Ta saurara har na gama, ta ce, "Sarkin nasu ɗaya ne?" Na ce ɗaya ne, Inna. Ta ce, "To ai Ingila ce, ɗan nan." Ta wuce tambayar ko ina samun tuwo. Takardar goge hannun tana nan cikin fasfo ɗina, shayi ya ɗan ɓata wajen Wales.