Dokar ta-ɓaci a Kaduna: ikon gwamna da aikin da ke kan 'yan majalisa

Idan watan Agusta ya raba, mutanen da ke zaune a bakin Kogin Kaduna ba sa samun barcin kirki. Daga Kigo Road zuwa Bashama a Tudun Wada, daga Rafin Guza zuwa Kabala da Nasarawa, kunnen kowa na kan kogi. Wata damina da ta wuce na je duba goggona kwana biyu bayan ruwa ya janye daga unguwarsu. Laka ta ja layi a bangon ɗakinta daidai ƙirjina. An jingina katifu a katanga, an baza littattafan jikokinta a kan kwano suna shan rana, buhun masarar da ta saya tun kaka ya kumbura har ya fara tsami. Ta ce wasu matasa biyu sun zo da littafi sun rubuta sunayen masu gidaje, ba su faɗi wanda ya turo su ba, suka tafi.

Da na zauna a bakin tabarma sai ta ce, "Ɗan nan, kai da kake bin labarai, na ji a rediyo ana kira ga gwamna ya sa dokar ta-ɓaci kan ruwan nan. In ya sa, me zai zo mana?" Na ce, "Goggo, a dokar ƙasa ba shi ne ke sa ta ba." Ta dube ni ta ce, "To shi da ya hana mu fita wata da watanni lokacin korona, da wace doka ya hana?"

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta sa ni wannan rubutu, domin a nan gizo ke saƙar.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa ikon ayyana dokar ta-ɓaci a hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a sashe na 305. Cikin dalilan da sashen ya lissafa akwai yaƙi, da rushewar doka da oda, da aukuwar bala'i ko iftila'in da ya shafi wata al'umma. Abin da aka bar wa gwamna shi ne roƙo. Idan matsalar ba ta tsallake iyakar jiharsa ba, yana iya neman shugaban ƙasa ya ayyana dokar, amma sai majalisar dokokin jiha ta mara masa baya da kashi biyu cikin uku, wato a Kaduna mutum 23 cikin 34. Shi ma shugaban ƙasa ba a sakar masa linzami ba: dole Majalisar Dattawa da ta Wakilai su amince da kashi biyu cikin uku, cikin kwana 2 idan suna zama, ko kwana 10 idan suna hutu, kuma dokar na mutuwa bayan wata 6 sai dai in an sabunta ta.

Mun ga yadda aka yi amfani da wannan sashe. Obasanjo ya sa dokar a Filato a 2004 da Ekiti a 2006, Jonathan ya sa a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, Tinubu ya sa a Ribas a watan Maris na 2025. Duk rikicin siyasa ne ko na tsaro, babu ko ɗaya da aka yi saboda ambaliya ko annoba. A Filato da Ribas kuwa dakatar da gwamna da majalisarsa aka yi, aka naɗa kantoma. Wane gwamna ne zai roƙi abin da ya taɓa raba takwaransa da kujera, don ruwa ya ci gidaje a Tudun Wada? Saboda haka wannan ƙofa, ga mai neman agajin ambaliya, kamar a rufe take.

Akwai kuma dokar ta-ɓacin fatar baki, irin wadda gwamnoni ke ayyanawa a kan ilimi ko lafiya ko ruwan sha, kamar yadda gwamnan Kano ya yi a kan ilimi a watan Yunin 2024. Wannan nuna damuwa ce da alƙawarin ƙara himma. Tana da amfaninta, amma ba ta ƙara wa gwamna iko ko na ƙwayar zarra a doka.

Ikon gaggawa na gaske, wanda talaka ke ji a jikinsa, ta wata hanya yake shigowa. A ranar 26 ga Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta rufe jihar saboda korona. Aka hana fita dare da rana, aka rufe kasuwanni, aka dakatar da sallar Juma'a da zuwa coci, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka suna cin tarar masu saɓawa. Azumi ya zo ya wuce a cikin kulle, sallah ma haka, ba a sassauta sosai ba sai a watan Yuni. Dokokin da gwamnati ta dogara da su a lokacin su ne Dokar Killace Masu Cuta ta 1926 da Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917. A dubi waɗannan shekaru da kyau. Ɗaya an rubuta ta tun zamanin Gwamna Lugga, ɗayar kuma shekara 34 kafin samun 'yancin kai. An tsara su ne don Bature mai mulki wanda ba ya da zaɓaɓɓiyar majalisa a gabansa, shi ya sa dokar 1926 ba ta ce a koma wa wakilan jama'a bayan kwana kaza ba. Gwamna ne ke sa hannu, shi ke sabuntawa, shi ke ɗagewa.

Ba korona kaɗai ba. A watan Oktoban 2018, bayan rikicin Kasuwan Magani, an sa dokar hana fita ta awa 24 a cikin garin Kaduna. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar, aka hana acaɓa, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an sake kulle Kaduna da Zariya. Sanarwar kan fito ne bayan zaman majalisar tsaro ta jiha, wadda naɗaɗɗun jami'ai da shugabannin hukumomin tsaro suka cika.

Ina cikin waɗanda suka goyi bayan da yawa daga cikin waɗannan matakai, kuma ban yi nadama ba. Duk wanda ya ga rikice-rikicen da suka faru a garin nan a 2000 da 2011 ya san dokar hana fita kan ceci rayuka. Damuwata ita ce shugaban ƙasa, da duk girman ofishinsa, an ba shi kwana 2 ya je ya nemi amincewar majalisa, amma gwamna na iya zaunar da miliyoyin mutane a gida fiye da wata biyu ba tare da wani wa'adi irin wannan a kansa ba. Mai shayi da ɗan dako da mai tuyar ƙosai, waɗanda sai sun fita suke ci, su ne ke ɗaukar nauyin. Ga shi kuma waɗanda ke tsaye a shingen hanya 'yan sanda ne da sojoji na tarayya, waɗanda gwamnan ma ba shi da cikakken iko a kansu, domin sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a mayar da umarnin gwamna gaban shugaban ƙasa. Idan aka ci zarafin mutum a shinge, ofishin da ya fi kusa da shi wanda kuma da ƙuri'arsa aka hau shi ne na ɗan majalisar mazaɓarsa.

Batun kuɗi ya fi wannan nauyi. Sashe na 120 ya hana a taɓa asusun jiha sai da dokar kasafi. Sashe na 123 ya yarda majalisa ta kafa asusun ko-ta-kwana wanda gwamna zai ciri kuɗi daga ciki idan buƙata ta taso ta gaggawa wadda ba a hango ba, da sharaɗin a gaggauta kawo ƙarin kasafi gaban majalisa don mayar da abin da aka cira. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ma ta yarda a tsallake tallar kwangila a lokacin bala'i. Duk wannan daidai ne, ba wanda zai ce a jira wata guda ana talla alhali mutane na kwana a ajin firamare. Amma nan ne bango ke tsagewa. Shinkafa buhu nawa aka saya, a kan nawa, daga hannun wa, ta isa gida nawa? A watan Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama, har da Kaduna. Ban yarda da wawaso ba. Sai dai abin da ya hura wutar shi ne mutane ba su san abin da aka tara da sunansu ba, ba su kuma san ranar rabo ba.

Sannan a lura da kalmar "ba a hango ba". Ambaliyar Kaduna an hango ta. Tun farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA ke fitar da jerin wuraren da ruwa zai iya ci, kuma masu unguwannin bakin kogi sun san layin da ruwa ke fara shiga ba sai an gaya musu ba. Abin da ke dawowa kusan kowace damina wurinsa na cikin kasafin shekara: yashe magudanan ruwa, tanadin wurin saukar jama'a, kwale-kwalen ceto, maganin amai da gudawa. Kasafi kuma a hannun majalisa yake wucewa. Idan aka bar shi ya wuce babu isasshen tanadi, sannan a watan Satumba aka koma kashe kuɗi da sunan gaggawa, laifin ba na gidan Sir Kashim Ibrahim, wato fadar gwamna, kaɗai ba ne. Zauren Lugard Hall, inda majalisar dokokin jiha ke zama, na da nasa kason.

Kuma majalisa ba ta rasa makami ba. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar duk wanda ke aiwatar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware, don tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon gayyatar kowa da neman kowace takarda, har da sammacin kama wanda ya ƙi zuwa. Mun ga ta yi amfani da wannan iko a 2024, lokacin da kwamitinta ya binciki shekaru 8 na gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, ya fito da zargin karkatar da naira biliyan 423, zargin da tsohon gwamnan ya musanta. Ba ni ne alƙalin wannan shari'a ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokaci: sai da mutum ya sauka sannan aka tuna da sashe na 128. Ihu bayan hari ke nan. Binciken da ke amfanar talaka shi ne wanda ake yi gwamna na kan kujera, kayan na cikin rumbu, takardun ba su ɓace ba.

Na san abin da za a ce mini. Ruwa ba ya jiran majalisa ta cika. Da madatsar Alau ta fashe a watan Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri, kuma a ambaliyar Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayun 2025 kafin gari ya waye sosai an rasa rayuka fiye da 150. Gaskiya ne, shi ya sa ba na neman a ɗaure hannun gwamna a ranar farko. A ba shi iko a fili, a rubuce, ya ayyana yankin da bala'i ya afka wa nan take, ya kwashe jama'a, ya buɗe asusun ko-ta-kwana, ya rufe hanya in ta kama. Amma a sa wa ikon ranar ƙarewa. A ganina kwana 14 sun isa. Bayan nan umarnin ya faɗi da kansa sai in majalisa ta zauna ta sabunta shi, ko da tana hutu a kira ta, kuma kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. Na nace a kan wannan ne saboda abin da aka gani a Abuja kan Ribas, inda aka amince da dokar ta-ɓaci da murya, alhali ba a ƙirga kashi biyu cikin uku da kunne. Sannan duk kwabon da aka kashe a ajiye lissafinsa gaban majalisa cikin wata guda, a liƙa jerin waɗanda suka amfana a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar mai unguwa. Ko sabuwar doka za a yi, ko a gyara wadda ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wannan aiki ne da majalisa za ta iya farawa da kanta ba sai ta jira ƙudiri daga ɓangaren zartarwa ba.

Za a kuma ce ai majalisun jihohi 'yan amshin shata ne, duk abin da gwamna ya kawo za su wuce da shi. Sau da yawa haka ne. Amma ƙuri'ar da aka kaɗa da suna tana zama a rubuce, kuma wanda ya amince a tsawaita kulle ba tare da ya tambayi abincin mutanensa ba zai dawo neman ƙuri'a a wannan layin. Gwamna Uba Sani ya yi shekara 4 a Majalisar Dattawa, ya san aikin majalisa daga ciki. Dokar da zai sa wa hannu yau za ta hau kansa, ta kuma hau kan wanda zai gaje shi, wanda ba mu san halinsa ba.

Goggona yanzu ta sa an yi mata dakali a cikin ɗaki tana ɗora buhuna a kai. Har yau ba ta sake jin ɗuriyar matasan nan biyu ba, amma sunanta na cikin littafinsu. Ɗan majalisar mazaɓarta na da ikon sa a nemo wannan littafi, a ajiye shi gaban kwamiti, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a tambayi me kowa ya samu.