Jerin Masu Horarwa a Ƙananan Kwalejojin Amurka da Teburin Gasar Gida

Tun da na zauna a jihar Ohio, babu abin da ya ɗaure mini kai a harkar wasanni kamar yadda ake jera ƙungiyoyin ƙananan kwalejoji a ƙwallon Amurka, wato wadda ake runguma da hannu ana ture juna. Na taso a Kano ina bin Kano Pillars, inda lissafi yake a fili: ƙungiyoyi 20, kowace ta kara da kowace gida da waje, nasara maki 3, kunnen doki maki 1. Lokacin da Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ba a tambayi ra'ayin kowa ba, teburi ne ya yanke hukunci.

A nan kuwa ƙuri'a ake kaɗawa. Kowane mako a cikin kaka, wasu zaɓaɓɓun masu horarwa na AFCA, wato ƙungiyar masu horar da 'yan ƙwallon Amurka, sukan rubuta ƙungiyoyi 25 da suke ganin sun fi ƙarfi, wadda aka sa a farko ta sami maki 25, ta biyu 24, har zuwa ta ƙarshe mai maki 1, sannan a haɗa jimilla a fitar da jeri. Da farko na raina wannan tsari, domin ina ganin ra'ayi ne aka yi wa ado da alƙaluma. Sai da na fara zuwa kallo ranar Asabar na gane larurar da ta haife shi. A rukuni na uku na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin kwalejojin Amurka, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa, akwai ƙungiyoyi kusan 240, kuma kowace wasa 10 take bugawa daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, yawanci da maƙwabtanta. Kwalejin da ke Wisconsin tana iya shekara goma ba ta haɗu da ta Texas ba, don haka babu teburin da zai iya gaya maka wadda ta fi wata tsakaninsu.

Na yarda da larurar, amma ban daina ganin aibin ba, kuma babban aibin shi ne suna yana riga aiki isa. Jerin farko yakan fito ne tun ƙungiyoyi ba su buga abin a zo a gani ba, a NAIA ma, wata hukumar wasannin ƙananan kwalejoji ta dabam, tun kafin a fara kaka, saboda haka abin da aka yi bara shi ake aunawa. Mount Union, wadda take garin Alliance a nan Ohio, ta ci kofin ƙasa sau 13, 11 daga ciki a hannun mai horarwa Larry Kehres, kuma ita da Wisconsin-Whitewater suka buga wasan ƙarshe shekara bakwai a jere daga 2005 zuwa 2011. Ƙungiya mai irin wannan tarihi ta cancanci girma, sai dai girman yakan zama matashin da take faɗawa a kai idan ta yi tuntuɓe, yayin da kwalejin da ba a san ta ba za ta yi makonni tana cin wasa kafin a waiwaye ta. Ga kuma abin da ya fi damuna: mai kaɗa ƙuri'ar yana bakin fili da tasa ƙungiyar a daidai lokacin da sauran suke wasa, don haka yawancin waɗanda yake jerawa sakamakonsu ya gani, bai ga wasansu ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar da ta nemi gwarzon abokin karawa ta sha kashi da ƙyar take iya faɗowa ƙasan wadda ta yi ta lallasa raunana.

Daga baya na lura cewa jerin nan ya fi kama da yadda ake sanin gwanaye a gidan dambe fiye da teburin ƙwallon ƙafa. Babu mai riƙe da lissafin maki a can, amma masana sun san wa ya kashe wa, a wane gari, kuma da bakinsu ake ɗaga ɗan dambe ko a sauke shi. Shaidar masana abu ce mai daraja, muddin ba ta hana a shiga fage ba, kuma a nan ne tsarin Amurkawa ya burge ni. Jerin masu horarwa ba shi yake ba da gurbin zagayen kifuwa ɗaya kwala ba. Zakarun shiyyoyi suna shiga kai tsaye, kuma tun 2024, da aka faɗaɗa zagayen daga ƙungiyoyi 32 zuwa 40, lissafin kwamfuta ne yake cike sauran guraben. A Disamban 2023 kwalejin North Central ta isa wasan ƙarshe tana kan gaba a jeri, ba a ci ta ko sau ɗaya ba, amma Cortland ta jihar New York ta doke ta da ci 38 da 37.

Ba zan ce teburinmu na gida ba shi da tabo ba, domin duk mai bin gasar Najeriya ya san wahalar cin wasa a waje da yawan ƙorafi a kan alƙalan wasa, kuma maki 3 ba ya bayyana yadda aka same shi. Duk da haka na fi natsuwa da shi, saboda ƙaramar ƙungiyar da ta hau daga ƙasa tana fara kaka da sifili, daidai da Enyimba. Idan sabon jeri ya fito a farkon mako, nakan bar lambobin da ke gefen sunaye in fara duba da wa kowace ƙungiya ta kara ranar Asabar, kuma a gidan wa aka buga.