Dabinon doki: a kwano, ba a hannu ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na hana wani dattijonmu ba doki dabino, kuma har yau ana yi min surutu, wai na ci fuskar babba a kan dabba. To bari in faɗi nawa.

Shekarata tara ina aikin barga a bayan garin Ɗa'if na Saudiyya, wajen Hawiyya, inda ake dawo da sukuwa idan zafin Riyad ya tsananta. Baffa ya hauro daga Makka shan iska, ya biyo mu gaisa, aljihun jallabiyarsa cike da dabinon da ake kira sukkari. Yana ganin akawal ɗinmu, wato baƙin dokinmu, ya leƙo kai, sai ya ciro guda uku ya miƙa da bakin yatsu. Na tare hannunsa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, kawo in zuba masa a kwano." Ya dube ni ya ce, "Yaro, tun ba a haifi kakanka ba Larabawa ke ba dawakinsu dabino."

Gaskiyarsa. Mutanen ƙauye a nan sun ba dawaki dabino, har da nonon raƙumi. Amma wancan dokin tafiya yake yi a sahara, ciyawa ta yi masa wuya, dabino abincinsa ne. Namu fa? Yana tsaye ƙarƙashin fanka kusan yini guda, ciyawar barsim a gabansa, hatsin sha'ir safe da yamma. Dabino kuwa fiye da rabinsa sukari ne. Ka ɗora wannan a kan wancan, kana tara wa kofato bashi.

Ni ban ce kada a ba doki abin marmari ba. Ina bayarwa. Rigimata da hannu ce.

Akawal ɗin nan da ya zo mana, yaro ɗan shekara bakwai zai iya sa masa ragama. Sai ɗan kafilina, wato maigidana a nan, ya fara zuwa duk Juma'a da 'yan dabino, yana ba shi yana ɗaukar hoto. Wata biyu ba su cika ba doki ya koyi cewa mutum aljihu ne mai ƙafafu. Da farko shinshina, sai ture ka da hanci, sai jan riga. Wata safiya na sunkuya ina share masa kofato, ya kama ni a kafaɗa. Ba mugunta ba ce, ya nemi abin da aka saba masa ne bai samu ba. Tabon haƙoransa na nan, kuma sai da na yi kwana goma ba na iya ɗaga bokiti. Wanda ya ɓata shi yana gida yana kallon hotunansa, ni mai shara ni na biya. Wata huɗu na yi kafin na raba shi da halin, shi ne Baffa zai rushe min da dabino uku.

Sai kuma ciki, wanda baƙi ba sa gani. Doki, duk girman nan nasa, tumbinsa bai wuce lita 15 ba, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga sai dai ya bi ta baya ko ya tsaya ya murɗe shi. An halicce shi ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, dokin kilo 450 ya ci kamar kilo 9 a wuni. Bayan azumi ne na fi jin tsoro, lokacin da kowane gida ke da ragowar dabino, kowa kuma ya tuna da barga don neman lada. Wata shekara a bargar maƙwabtanmu goɗiya ta samu kwalin dabino a buɗe. Kwana biyu bayan nan na je na tarar ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina nauyi baya, kofato zafi kamar an ɗora a murhu. Ciwon kumburin cikin kofato ke nan, kuma zaƙi da hatsi mai yawa ne ke jawo shi. Ta rayu, amma ba a ƙara ɗora mata sirdi ba.

Cakuleti kuwa kada ma a fara. Ban da cutarwa, akwai sinadari a cikinsa da ke fitowa a gwajin dawakin tsere. A ƙasar da tun 2020 ake gasar sukuwa da kyautarta ta kai dala miliyan 20, kana ganin za a saurari ma'aikacin barga yana cewa yaron gida ne ya ba shi?

Abin da nake yi ba wuya. Dabino biyu ko uku, a cire ƙwallo, a jefa a kwanon abinci bayan aiki. Karas a tsaga shi ta tsawo don kada ya maƙale a wuya. Dutsen gishiri a rataye. Mu da muka tashi muna ganin ana jiƙa wa doki kanwa da dusa, ana jefa masa harawa a turke, mun san gatan doki ba alawa ba ne. Ka sosa masa doron wuya inda 'yan'uwansa ke sosa wa juna, ka ga yadda leɓensa zai saki.

Baffa dai bai ba ni dabinon ba. Da kansa ya cire ƙwallayen ya zuba a kwano yana ƙunƙuni. Akawal ya lashe, ya ɗago, ya nufi aljihun jallabiya kai tsaye. Baffa ya ja baya da saurin da ban san yana da shi ba. Da zai shiga mota ya ce idan ya samu kanwa a Shara Mansur ta Makka zai aiko min.