Gaisuwa kaɗai ba ta sa a amsa maka a LinkedIn

Ƙannenmu na Arewacin Kamaru da suka gama jami'a a Marwa da Ngaundare, har da na sabuwar jami'ar Garwa, kusan kowa ya buɗe LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, yanzu, kuma kukansu iri ɗaya ne: sun aika wa manyan ma'aikata saƙo, an gani, an yi shiru. Wasu na cewa girman kai ne, wasu na cewa don mu 'yan Arewa ne mutanen Duwala da Yawunde ke share mu. Masu girman kai suna nan, ban musa ba. Sai dai yaran nan suna nuna mini saƙonnin a waya, kuma wallahi da ni aka aika wa yawancinsu, ban san me zan amsa ba.

Saƙon dai shi ne "Bonjour Monsieur", sai a zauna jira. In an yi sa'a ya amsa, sai a shiga ya aiki, ya iyali, ya gajiya, a kwana uku ba a zo kan magana ba. Tarbiyyarmu ce, kuma a zaure ita ce daidai, ba ka faɗa wa babba da buƙata tun ba ka zauna ba. To amma jami'in da ke ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiyar agaji, tsakanin wannan taro da wancan yake duba wayarsa. Bai san ka ba, bai san me ke bayan gaisuwar ba, ya dai san in ya amsa roƙo ne zai biyo. Sai ya ce bari sai anjima, shi ke nan an wuce wurin.

Ni a ganina gaisuwa da buƙata su tafi tare a saƙo guda, buƙatar kuma ta zama ƙarama. Ɗan rubutun da ake haɗawa da neman ƙulla alaƙa gajere ne ƙwarai, don haka babu wurin tarihin rayuwa. A ce ka karanta aikin gona, kana son horo a Sodecoton, kamfanin auduga da ke Garwa. Rubuta wa ma'aikacin can haka: "Barka da aiki, Malam. Na gama karatun aikin gona a Marwa, na karanta abin da ka rubuta kan ƙwarin auduga. Ko sashenku na karɓar masu neman horo a damina? In ana karɓa, wa ya kamata in rubuta wa?" Wannan zai amsa shi yana tsaye a bakin mota. "Ka taimake ni da aiki" kuwa nauyi ka ɗora masa, shi ma albashi yake ɗauka, kamfanin ba nasa ba ne.

Kafin ya amsa kuma sai ya danna sunanka. Nan ne takaici ke kama ni. Hoton biki da baƙin tabarau, ko hoton motar wani, a ƙasa an rubuta "mai neman aiki". Alhali yaron nan yana jin Hausa, Fulatanci da Faransanci, wani har da Larabcin Shuwa ko Barbarci, bai rubuta ko ɗaya ba, wai a ganinsa ba ilimi ba ne tunda a gida ya tashi da su. Ƙungiyoyin da ke aiki a sansanin Minawao, inda 'yan gudun hijirar Najeriya suke tun 2013, da masu aiki wajen Kuseri da Mokolo, da wane baki suke magana da jama'a? Ɗan Yawunde mai digiri biyu sai da tafinta yake shiga ƙauye. Kai ne tafintan, kai ne wanda ya san hanya, ka kuma ɓoye hakan a shafinka.

Sannan a ƙasar nan har gobe ana tambayar wa ya aiko ka. LinkedIn na nuna maka wanda kuka sani tare, shafin jami'arku kuma na nuna tsofaffin ɗalibai da inda suke aiki. Fara da su. In za ka ambaci sunan malaminka, nemi izininsa tukuna, domin ana kira a tambaya.

Rubuta da harshen da mutumin ke rubutu da shi a shafinsa, Faransanci ko Turanci, ka ba wani ya duba maka kuskure kafin ka aika. Kada ka ɓarnatar da sefarka wajen biyan kuɗin wata don kawai ka samu damar aika wa baƙi saƙo, saƙon da bai da kan gado ko an biya masa kuɗi shiru zai samu. In mako ya wuce ba amsa, tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ba da "na ga ka karanta" ba. In ya sake yin shiru, nemi wani a sashen nasu. Lambar WhatsApp ɗinsa kuma, ko ka samo ta a wurin wani, kada ka kira shi bayan isha'i.