Wa zai raka yara Gidan Zoo?

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Ingila, amma har yau in uwargida ta ce mu zauna mu tsara fitar yara, sai dariya ta kama ni. A Gwale inda na tashi ba a tsara fita. Ranar Sallah in an sauko daga idi an ci tuwo, sai a damƙa wa babbar yayarmu kuɗin mota, a ce ta riƙe hannun ƙannenta da kyau. Shekarunta ba su wuce 14 ba. Mu kuwa mu tara ne har da 'ya'yan maƙwabta, kowa da sabon ɗinki da takalmin da ke cin ƙafa. Haka za mu nufi Gidan Zoo, wanda aka gina tun zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, mu kalli zaki da jimina, mu hau lilo, mu dawo da magariba fuska duk ƙura. Ban taɓa tunanin mahaifinmu zai bi mu ba. Shi ma na tabbata bai taɓa kawo hakan a ransa ba.

Bara muka kai yaranmu uku Legoland da ke Windsor, wurin wasan da aka buɗe a 1996. Kusan wata biyu muna shiri. Da farko dai ba ka isa ka cire yaro daga makaranta don yawo ba: tun watan Agustan 2024 tarar ta zama fam 80 a kan kowane yaro, kuma uwa da uba kowa nasa zai biya. Saboda haka kowa hutun makonni shida na ƙarshen Yuli yake jira, kowa kuma lokaci guda zai fito. Tikiti ta intanet ake saye tun da wuri, don ya fi na bakin ƙofa sauƙi, farashin kuma yana hawa da sauka gwargwadon ranar da ka zaɓa. Uwargida ta dafa shinkafa ta zuba a kula saboda batun halal, muka naɗe darduma, muka ɗauki keken jariri da rigunan ruwa, don sararin samaniyar ƙasar nan ba shi da alƙawari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sandar awo. A bakin kusan kowane abin hawa akwai ma'aunin tsawo. Wani sai yaro ya kai santimita 90, wani mita ɗaya ko fiye, kuma in bai kai wani tsawon ba, ko an yarda ya hau, sai da babba a gefensa. Ba ruwansu da kuka, ba ruwansu da "haba, ai kaɗan ya rage". Tun a gida na jingina yaran da bango na auna su, don kada in yi wa wani alƙawarin abin da za a hana shi a gaban mutane.

Wannan ƙa'idar ce ta fitar da ni daga gida, ba halin kirki ba, gara in faɗi gaskiya. Yara uku, manya biyu, ba yaya, ba gwaggo, ba 'yar aiki. In ban je ba, fitar ba za ta yiwu ba. Da a Kano ne, da na miƙa kuɗi na koma majalisa.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Za ka tsaya a layi fiye da rabin awa saboda abin da zai juya da kai na minti biyu. Autarmu mai shekara biyu barci ta yi rabin ranar, da ta farka kuma ba abin da ya burge ta kamar wurin fesa ruwa, wanda ko da bokiti a tsakar gida za a iya yi mata. Yaro ƙarami abu biyu ko uku sun ishe shi, sauran wahalar ta manya ce da ke son cin kuɗinsu. Ga kuma kaɗaici. Da ta yi kuka a layi, kowa kau da kai ya yi. A Kano da tuni wata baiwar Allah ta ce "kawo ta nan", ta goya ta, ta ba ta alawa, ba ta ma tambayi sunanmu ba. Wannan ina kewarsa har cikin raina.

Duk da haka, da na zo gida Ƙaramar Sallah, sai na ga abin da a da idona ba ya gani. Rana ta biyu da hantsi aka shirya yaran gidanmu su goma sha ɗaya, aka miƙa jaka ga babbar 'yar Yayana, mai shekara 15.

Na ce, "Yaya, wa zai raka su?"

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. "Ga yayarsu nan. Mu wa ya raka mu?"

Haka ne, ba wanda ya raka mu. Sai dai Kanon da muka yi yawo a cikinta ba ita ce ta yau ba. Titin Zoo Road da muke tsallakawa a guje yanzu cike yake da motoci da adaidaita sahu, waɗanda suka mamaye gari tun da aka hana acaɓa a 2013. An buɗe Ado Bayero Mall a 2014 a kan wannan titin, cunkoson Sallah ya ƙaru. A 'yan shekarun nan kuma Ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Duk wanda ya saurari rediyo a kwanakin Sallah ya san yadda cigiyar yara take yawa: yaro ɗan shekara huɗu, sanye da shadda ruwan toka, bai san sunan unguwarsu ba. Wasu a gidan mai unguwa ake tsintar su da daddare, bayan uwa ta gama zubar da hawaye.

Akwai wani abu kuma da yayar yara ba za ta iya ba komai hankalinta. A wani wurin wasa da muka biya ranar, na ga lilo mai juyawa da aka ɗaure sarƙar kujera ɗaya da waya. Mai kula da shi yana cusa yara biyu-biyu a kujerar mutum ɗaya saboda layi ya yi tsawo, har da 'yar da ba ta fi shekara uku ba a tsakiyar manyan yara. Yarinya 'yar shekara 15 ba za ta buɗe baki ta yi wa wannan saurayin musu ba, kunya da tarbiyya ba za su bar ta ba. Ni da na matsa na ce, "Malam, sauke mini waɗannan biyun," nan take ya sauke, har da ba ni haƙuri. Magidanci ya gani a gabansa, shi ke nan. Tunda ba mu da sandar awo a bakin lilo, idon uba shi ne sandar.

Na san uzurin maza, don ni ma nawa ne. Akwai gaisuwar Sallah, akwai baƙi, akwai kallon Hawan Daushe da na Nassarawa in an yi hawa. Mata kuma suna bakin murhu tun asuba. Amma wa ya ce dole sai rana ta biyu, da tsakar rana, lokacin da duk Kano ta fito? Rana ta biyar da safe dabbobin suna nan, lilon yana nan, layin ya ragu. Ragowar shirin ma ba ya cin ko sisi. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka ɗauki hotonsu da kayan da ke jikinsu kafin a fita, ka nuna musu wuri guda ka ce duk wanda ya ɓace ya tsaya nan. Sai ruwan sha mai yawa, fiye da yadda kake tsammani.

Ainihin abin da ke hana mu, a ganina, girman kai ne da muke kira kunya. Magidanci yana jin nauyin a gan shi da yaro a kafaɗa yana nuna masa biri. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada yana limanci saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba.

Ranar dai ni na bi su. Yaya ya ba da motarsa, shi ya zauna. Da muke fita, 'yan majalisa suka bi ni da tsiya, wai Bature ya dawo ya zama ɗan raino. Na ƙirga yara a bakin ƙofar shiga, na ƙirga a gaban kejin kura, na sake ƙirgawa wajen mai askirim, sai na samu goma sha biyu: wani yaron da ba namu ba ya biyo mu tun daga wurin birai, yana riƙe da gefen rigar ɗiyata. Mun fi minti ashirin muna zagaye kafin mu gamu da yayarsa, tana haki, da goyo a bayanta da wasu uku a hannu.

Da la'asar Yaya ya kira sau biyu yana tambaya ko autarsa ta ci abinci.