Ƙannena na Jidda, ku riƙa ƙirga ɗayan gefen

Duk shekara da Zulƙida ta kama sai in fara jin maganar nan a bakin samarinmu game da tasrihi, wato takardar izinin yin Hajji: "Akwai direban da ke shigar da mutane Makka ba tasrihi, hanyarsa tabbas ce, ɗari biyu bisa ɗari." Abin yana ci mini rai. Ku zauna mu yi lissafi.

Waɗanda suka yi makaranta a nan sun karanta lissafin yiwuwar faruwar abu da sunan ihtimali. Yiwuwar kowane abu tana tsakanin sifili da ɗaya, haka masanin lissafin nan na Rasha, Kolmogorov, ya tsara ƙa'idar a 1933. Sifili shi ne abin da ba zai faru ba, kamar ɗan ludo mai fuska shida ya nuna 7. Ɗaya kuwa abin da ba makawa. Babu abin da ke haura ɗaya, saboda haka mai ce maka ɗari biyu bisa ɗari aljihunka yake lissafawa.

Ƙa'idar da na fi so ku riƙe ita ce: faruwar abu da rashin faruwarsa, in aka haɗa su, ɗaya suke bayarwa. In damar samun 6 ɗaya ce cikin shida, rashin samunta biyar ce cikin shida. Dillali gefen daɗi kawai yake faɗa maka, ɗayan kai za ka ciro da kanka.

Mu ƙaddara, don misali kawai, shingen bincike na Shumaisi, da ke hanyar Jidda zuwa Makka, yana kama mota ɗaya cikin goma. Tsira tara ce cikin goma, sai ka ji hankalinka ya kwanta. To yaron da zai yi sawu goma fa? Ka ninka 0.9 da kanta har sau goma, za ka samu kusan 0.35, yiwuwar ya tsallake dukkansu ke nan. Cire ta daga ɗaya, saura 0.65. Wato kashi 65 cikin 100 za a kama shi ko da sau ɗaya ne. Shi kuma yana ta cewa "ai na sha wucewa", alhali wucewar jiya ba ta rage komai daga haɗarin yau. Rana dubu ta ɓarawo ce.

Na san wani zai ce komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, kuma Wanda ya ƙaddara shi ya ba mu hankalin ƙirgawa.

A 2025 tarar yin Hajji ba tasrihi ta kai riyal 20,000, ta mai ɗauko marasa tasrihi har 100,000, ga tarhil, wato kora zuwa gida, da hana dawowa shekara goma. Wannan ma da sauƙi, kuɗi ne da zaman gida. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihi, sun yi ta tafiya a ƙasa cikin zafin da ya haura digiri 50, ba tanti ba mota. Allah ya jiƙansu. Tsohuwar da ta zo daga gida da bizar ziyara, wadda kake shirin saka wa a motar nan, a cikin wannan zafin ranar za a sauke ta.